Kumfar Sajan

Zuwa ga ɗana Dogo,

Assalamu alaikum. Bari in fara da mutanen gida, don na san su za ka fara nema. Ni lafiyata ƙalau, ban da bayan nan da ke yi mini ƙorafi in na daɗe a kan keken ɗinki. Auta lafiya, tana can makarantar jinya tana fama da jarabawar ƙarshe, ta rame kamar ba a ba su abinci. Kawunku gwiwarsa ta sake tashi, da sanda yake zuwa shan shayi yanzu, amma bakinsa lafiya lau. Kyanwa ta haihu a cikin kwandon tsummana, ita da 'ya'yanta babu mai ciwo. Babanku kuwa, likita ya ce jikinsa ya yi kyau sosai bayan shanyewar ɓarin jikin nan. Ƙafa ta dawo, magana ta dawo, cin abinci har ya fi na da. Hannun dama ne kawai ya ƙi daina rawa.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ban faɗa maka a waya ba saboda wayar a wurinsa take kwana, kuma kunnensa bai yi ciwo ba.

Babanku ya ƙi fita. Tun da aka sallamo shi daga asibiti ko ƙofar gida bai leƙa ba. Abokansa na tsohon wurin aiki sun zo gaishe shi, ya ce in ce yana barci, alhali yana zaune a bayan labule yana jin su. Na ɗauka kunyar hannun yake ji. Sai shekaranjiya na same shi a gaban madubi yana shafa kumatu, ya ce, "Dubi abin da na koma. Kamar wanda aka tsinto a daji." Ashe gashin fuska ne.

Ka san halinsa. Duk shekarun da ya yi a aikin kashe gobara har ya kai Sajan, kullum da safe sai ya yi aski, don ya ce abin rufe fuskar nan na hayaƙi ba ya kama fuska mai gashi. Ya bar aiki, bai bar askin ba. Tun da na aure shi ban taɓa ganin gashi ya kwana biyu a haɓarsa ba. Yanzu ya fito masa fari fat ta ko'ina, har wuya. Kawunku ya shigo ya gan shi, ya ce, "A'a, Sajan ya yi saje!" Babanku bai yi dariya ba. Ni ma na daure, sai da na shiga kicin.

Ya gwada da kansa. Ya fito da kofinsa da buroshinsa da sabulun nan nasa mai zagaye, ya sa sabuwar reza a askar. Aska ta kusa kumatu ke nan hannu ya fara rawa, sai ya mayar da komai cikin durowa ya rufe. Na ce a kira mai askin bakin titi. Ya ce shi ba a taɓa riƙe masa haɓa ba, kuma ba zai fara a hannun mutumin da ke aski yana kallon ƙwallo ba.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne taron yaye su Auta, Asabar ɗin ƙarshen watan gobe. Ta riga ta gaya wa ƙawayenta Babanta zai zo. Shi kuma ya ce da wannan fuskar ba za a ɗauke shi hoto ba, mu je mu dawo mu ba shi labari. Ban gaya mata ba. Ka san ta, ba za ta yi kuka a gabansa ba, amma ba za ta manta ba.

Jiya na ce masa, "To ni fa?" Ya dube ni ya ce, "Ke? Kin taɓa yi wa wani aski?" Na ce na taɓa feraye kabewa. Bai ce to ba, amma bai ce a'a ba, ka kuma san a wurin Babanku wannan babban ci gaba ne.

Sai dai ban san kan sabulun nan ba. Da ya shiga wanka na saci gwadawa, na goga buroshi a kansa, ruwa-ruwa kawai nake gani. Kai da kake aski, da me kuke yi yanzu? Ka gaya mini dalla-dalla.

Ka yi haƙuri da rubutun. Malamarmu ta ajin manya ta ce na daina cinye ƙugiyar haruffa, saura in koyi tsayawa inda aya take. Zan ba direban motar kayan abincinku ya kawo maka. Ka riƙa cin abinci. Ka riƙa sa hula a rana.

Mahaifiyarka

*

Zuwa ga Inna,

Wa alaikumus salam. Na karanta wasiƙarki don labari, na sake karantawa don kallon rubutun. Ki gaya wa Malama ta ƙara miki aji. Na nuna wa wanda muke ɗaki ɗaya da shi, na ce ga hannun mahaifiyata, ya ce ya fi na shugaban aikinmu kyau. Gaskiya ya faɗa.

Lafiyata ƙalau. Aikin hanya ya kai bakin kogi, ni da giredata muna ta baje ƙasa muna jiran masu gada. Waya ba ta shiga a nan sai an hau wani dutse, shi ma sai ta ga dama. Ki gaishe da Kawu da gwiwa, ki ce masa ya bar tsokanar Baba. Ki yi wa kyanwa barka.

Maganar Baba ta taɓa ni, amma kada ki damu, abin da sauƙi. Inna, sabulun Baba ya tsufa kamar jar motarsu ta kashe gobara ta da. Sai an jiƙa shi, sai an kaɗa, sai an san yawan ruwa, mutum ya ɓata rabin safiyarsa. Yanzu man aski ake yayi. Na ba direba guda a cikin kwali, sabo fil. Matsowa ake yi kamar man goge baki, don haka kada a ajiye shi kusa da buroshin haƙori. Wani a sansaninmu ya yi wannan kuskuren, yini ya yi yana tofar da yawu mai ƙamshi.

Ga yadda za ki yi. Ki matso kaɗan a tafin hannu, ki shafa masa sosai a kumatu da haɓa da wuya. Sai ki bi da aska a hankali, daga sama zuwa ƙasa, yadda gashin ya kwanta. Kada ki danna. Gashin baki kuwa ko kusa da shi kada ki je, kin san da shi yake taƙama. Shi ke nan. Wadda ta iya dasa wuyan riga ba za ta kasa wannan ba.

Ki gaya wa Baba na ce ya sallami sabulu, ya yi masa hidima ya isa. Taron Auta kuma ina neman izini, in an samu za ki gan ni.

Ɗanki,
Dogo

*

Dogo,

Direba yana ƙofa yana ta danna hon, don haka a tsaye nake rubutu. Saƙonka ya iso. Maganar mai mu bar ta tukuna, ba na son tunawa.

Kowa lafiya, ban da Babanku. Yana kwance a ɗaki, ya juya fuska bango, ya ce kada a bar kowa ya shigo ya gan shi a haka, ko Kawunku. Jini dai ya tsaya, alhamdu lillahi. Na aika aka kira Auta, ta zo ta duba shi da kyau irin na aikinsu. Ta ce fata ta yi rauni ƙwarai, babu abin da za a yi yanzu sai haƙuri da jira. Ta ce da mun neme ta tun farko da bai kai haka ba.

Ni na jawo, Dogo, da hannuna. Kwana biyun nan ko abinci ba na iya ci.

Kada ka wahalar da kanka da kira, wayar ta faɗa ruwa a cikin rikicin, tana wurin mai gyara. Ka sa mu a addu'a.

Mahaifiyarka

*

Inna,

Inna, wace irin wasiƙa ce wannan? Jinin me? Faɗuwa ya yi? Ciwon ne ya dawo? Kin ce likita ya ce jikinsa ya yi kyau, yaushe kuma aka kai ga fata ta yi rauni?

Ina gama karantawa na bar gireda a kunne na hau dutse. Wayar gida a kashe. Na kira Auta, da ƙyar ta ɗauka, tana raɗa, ta ce suna bakin ɗakin jarabawa. Na ce, "Auta, gaya mini gaskiya, yaya Baba?" Ta ce, "Yaya, ai na gaya wa Inna, yanzu sai dai a bar shi kawai, kada a sake taɓa shi." Sai waya ta yanke. Na kira, na kira, shiru. A kan dutsen nan na zauna har rana ta juya.

Don Allah kada ku cire fata. Auta ɗaliba ce har yanzu, ba ita ke da magana ta ƙarshe ba. Ku mayar da shi asibiti, ku nemi babban likitan da ya gan shi da farko. Kuma ki daina cewa ke kika jawo. Babu wanda ya yi jinyar Baba kamar ke, duk mun gani.

Na gaya wa shugaban aiki zan tafi. Ya ce yanzu da ake shirin zuba gada, duk wanda ya tafi ba tare da takarda ba ya tafi ke nan. Na ce na ji. Ruwa ya cinye hanyar wucin gadi, motar kayan abinci kaɗai ke iya ratsawa, yau kuma ta cika da marasa lafiyar sansani. In ta dawo zan biyo ta, da izini ko babu.

Ki gaya wa Baba ina zuwa. Ki ce masa ya jira ni.

Dogo

*

Ɗana Dogo,

Kada ka taso! Kada ka bar aikinka! Na roƙi direba ya miƙa maka wannan kafin ya sauke ko buhu ɗaya. Babanku lafiyarsa ƙalau, yanzu haka yana ɗaki yana cin ayaba.

Fata, Dogo. Fatar fuska. Ta kumatu. Ita ce ta yi rauni.

Wayyo ni. Da wasiƙarka ta zo na buɗe a tsakar gida na fara karantawa. Sai da na kai inda ka ce kada mu cire fata sannan na gane. Na zauna a kan turmi, ban san kuka zan yi ko dariya ba, sai na haɗa duka biyun. Na je wurin Malama na ce, ashe akwai wata ƙugiya da ake sa wa fatar jiki don a bambanta ta da fatan alheri, ba ki koya mana ba? Ta yi dariya har da riƙe tebur. Ta ce babu, a baki ne kawai ake jin bambancinsu, a takarda sai mutum ya faɗi fatar me yake nufi. Na ce to wannan bambancin ya kusa raba ɗana da aikinsa.

Yanzu ga abin da kunya ta hana ni rubutawa. Ka ce mai ne, ka ce in shafa sosai. Ni kuwa tun ina yarinya, mai in an shafa murzawa ake yi har ya shige jiki. Na zaunar da Babanku a kan kujerar roba, na ɗaura masa tawul, na matso mai na murza. Na murza, na murza, sai da ya ɓace tas, fuskarsa na ta ƙamshi kamar shagon turare.

Ya ce, "Ina kumfa?"

Na ce, "Na zamani ne, ba ya kumfa."

Ya ce, "Ruwa fa?"

Na ce, "Ɗanka bai rubuta ruwa ba."

Na ɗora aska. Ƙarar da take yi kamar ana share tsakar gida da sabuwar tsintsiya. Babanku ya runtse ido, ya riƙe kujera, ko uffan bai ce ba, ka san mutumin da ya saba shiga wuta. Ni kuma da na ji shiru na ɗauka daɗi yake ji. Sai da na gama kumatun hagu na ga jini tsilli-tsilli ta ko'ina. Na ruga na kawo ruwa a roba, shi kuma ya ciro waya zai kira Auta, hannu ya yi halinsa, waya ta yi tsalle ta faɗa robar. Washegari gefen ya yi ja, ya yi ƙuraje. Ga shi rabi a aske, rabi daji. Shi ya sa ya juya fuska bango.

Na shiga na karanta masa wasiƙarka daga farko har ƙarshe. Da na kai inda ka ce ya jira ka, na ga idonsa ya kawo ruwa, ya kawar da kai. Can sai ya ce, "Ya jira ni? Ina zan je da rabin gemu?" Sai dariya ta ƙwace masa. Dogo, tun kafin ciwon nan ban ji wannan dariyar ba. Har kyanwa ta firgita ta kwashe 'ya'yanta. Ya ce in gaya maka ya gode da ta'aziyya, amma ka adana ta tukuna.

Sai dai ba a rabu da matsala ba. Kumatu ya fara warkewa, gashin ma ya fara rufe wurin, amma ya ce an gama, babu mai sake taɓa masa fuska, ko da mai ko da sabulu. Auta kuma ta gane komai. Da za ta koma makaranta ta tsaya a bakin ƙofarsa ta ce, "Baba, in ba ka samu zuwa ba, ba komai." Ka san irin ba komai ɗin Auta. Shi ma ya sani, don ranar bai ci abincin rana ba.

Ka yafe mini tsoron da na ba ka. Ka je ka ba shugabanku haƙuri.

Mahaifiyarka

*

Zuwa ga Inna,

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. A jikin motar na tsaya na karanta, jakata a kafaɗa, don na riga na haɗa kaya. Direba yana kallona ya ce, "Lafiya?" Na ce, "Aski ne." Ya ce, "Askin wa?" Sai na fashe da dariya.

Na koma wurin shugaban aiki na ba shi haƙuri. Ya ce yaya jikin tsohon, na ce da sauƙi, kumatu ne. Yanzu duk sansanin nan in na wuce sai wani ya ce, "Dogo, yaya fata?" Na san da wannan sunan zan bar wurin nan. Amma abin ya yi amfani, don ya tausaya mini ya ce zai duba maganar izinin taron Auta.

Laifin nawa ne, Inna. Ban rubuta ruwa ba saboda ban taɓa kawowa akwai mai yin aski babu ruwa ba. Ga shi yanzu dalla-dalla. Ki tsoma tawul a ruwan ɗumi ki gasa masa fuska har gashin ya yi laushi. Fuska tana jiƙe za ki shafa man, kuma a sama zai zauna fari, ba murzawa ake yi ba. Kina ja kina ɗauraye askar. In ya fara bushewa ki ƙara ruwa. Ruwa, Inna. Ruwa. Na rubuta da yawa don in biya na baya.

Har yanzu ina bayan maina, ba a ba shi haƙƙinsa ba ne. Amma kafin ki koma kan Baba, ki fara gwadawa a kan wani. Ki samu wanda ba zai iya gudu ba.

Ɗanki,
Dogo

*

Zuwa ga ɗana Dogo,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya. Waya ta dawo daga gyara amma muryar mutum a cikinta kamar daga rijiya, gara in rubuta. Auta ta gama jarabawa. Fatar kumatun Babanku, ka ga na faɗi ta me, ta warke sumul.

Ka ce in samu wanda ba zai iya gudu ba. Ina karantawa sai ga ƙarar sandar Kawunku a zaure. Na ba shi shayi, na ƙara masa, na ɗauke sandar na jingine ta can bayan tanki. Sannan na fito da tawul.

Ya ce, "Yaya, me na yi miki?"

Na ce, "Zauna. Tun kana ƙarami nake yi maka wanka, ban taɓa kashe ka ba."

Ya ce, "Na ga abin da kika yi wa Sajan!"

Na ce, "Shi ba a sa masa ruwa ba. Kai za a sa maka."

Na yanke shawarar in raba fuskarsa biyu, dama mai, hagu sabulu, a gama gardamar nan taku kai da Babanku. Na fara da manka. Gaskiya, Dogo, ba ka yi ƙarya ba. Da na gasa fuskar na shafa shi a jiƙe, aska tafiya kawai take yi kamar almakashi a sabon yadi. Ko ƙwarzane babu. Kawunku ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Har kin fara?" Na ce na gama.

Sai na koma kan sabulu. Na ɗauko kofin Babanku da buroshinsa, na zuba ruwa, na yi ta dama. Ruwa-ruwa dai, kamar na wankin kwano. Ashe duk abin nan yana bayan labule yana leƙe. Sai na ji murya daga ɗaki: "Ruwan ya yi yawa!" Na yi kamar ban ji ba. "Ki tsiyaye! Ki yarfe buroshin!" Na ƙara ruwa. Sai ga labule ya ɗaga, ga Babanku a tsakar gida da rana tsaka, babu ko hula, yana cewa, "Kashe mini sabulu za ki yi. Ba ni nan."

Ya zauna a bakin baranda, ya dafe kofin a cikinsa da hannun hagu, ya kama buroshi da na dama. Na so in ce ya kawo in riƙe masa, Allah ya sa na yi shiru. Dogo, hannun nan da ke zubar da shayi, yana shiga kofi sai ya samu abin yi. Rawar da yake yi ita ce kaɗawar. Kafin in ɗauraye aska kumfa ta taso, fara, mai kauri, har tana tsayawa a kan buroshi ba ta zuba. Shi kansa tsayawa ya yi yana kallonta.

Kawunku ya ce, "Sajan, wannan ai ba ciwo ba ne, inji aka sa maka. Ka zo mu buɗe shago."

Babanku ya ce, "Rufe bakinka kada kumfa ta shiga." Ya tashi da kansa ya shafe masa kumatu, har da ɗan ƙari a kan hanci saboda maganar saje. Sannan ya tsaya a kaina kamar yana horar da sababbin ma'aikata. Ja fatar da yatsa. Gajere-gajere. Kwantar da askar. Kada ki bi wuri sau biyu babu kumfa. Da muka gama na tambayi Kawunku wane gefe ya fi. Ya shafa dama, ya shafa hagu, ya ce shi duk wanda bai yanke shi ba shi ne gwani, a ba shi sandarsa.

Washegari da safe na fito zan ɗora ruwa, sai na tarar an riga ni. Kujerar roba tana tsakar gida, madubi a jingine a jikin taga, tawul a kafaɗar Babanku, kofi a hannunsa yana kaɗawa. Bai dube ni ba. Ya ce, "In kin gama abin da kike yi."

Na ɗauko manka na ajiye kusa da kofin, don in yi maka adalci. Na ce, "Wanne?"

Ya ce, "Man yaron nan ba shi da laifi, na ga aikinsa jiya. Amma da shi zama kawai zan yi kamar buhu ana juya ni. Da sabulu ni ke yin askina. Ke kuwa aron hannunki kawai na yi."

Shi ya gasa fuskarsa, shi ya shafa kumfarsa, shi ke jan fatar da hannun hagu yana kumbura kumatu inda ya kamata. Ni dai na riƙe aska ina bin umarni. Da na share kumfar ƙarshe a ƙarƙashin haɓa, sai ga mutumin da na sani ya fito. Ya daɗe yana kallon madubi. Ya murza gashin bakinsa ya ce, "An bar kaɗan a nan." Babu abin da aka bari, amma na sake bi don ya ji daɗi.

Sai ya sa riga ya ce reza ta kusa ƙarewa, bari ya je shago. Akwai kwali guda a durowa, ni na san da shi, shi ma ya sani. Shagon da ke nan bakin layi, bai dawo ba sai bayan azahar. Ya biya wurin abokansa, ya biya wurin mai askin ya gaya masa askarsa ba ta da kaifi, ya dawo babu rezar.

Jiya ya kira Auta da kansa. Ban ji me ta ce ba, na dai ji shi yana cewa, "Wa ya ce miki ba zan zo ba? Ki gaya wa mai hoton ya zo da wuri." Yanzu kwat ɗinsa tana kan kekena ina buɗe mata ciki, don zaman ɗaki ya ƙara masa tumbi.

To saura kai. Makarantar su Auta ta ce a ba da sunayen masu zuwa kafin Alhamis ta sama, saboda kujeru. An ba ka izinin ko ba a ba ka ba? Sannan direba ya tona maka asiri. Ya ce tun ranar da ka hau dutse ba ka sake sa aska a fuska ba, wai ka yi gemu har ba a gane ka, kai mai wa'azin man aski. Babanku ya ce ba za ka shiga hoton 'yarsa a haka ba. Ya ce kada ka taɓa shi, ka kawo shi gida yadda yake. Shi zai kaɗa kumfa, ni zan riƙe aska, Kawunku ya ce shi zai riƙe ka.

Ka ba direba amsa ta iso mini kafin Alhamis ɗin nan. Kuma ka rubuta ta dalla-dalla.

Mahaifiyarka